Kiran Melitón a Lambun Shiru

Hannun Toribia Sallo ƙanshin muña yake yi, ganyen maganin nan na tsauni, ko da ta wanke shi da sabulu sau bakwai. Shekara arba'in da ɗoriya muna maƙwabtaka, katangar laka ɗaya ce tsakaninmu. Ni na fara sa almakashi a gashin autarta ranar askin fari, don haka a al'adarmu mun zama 'yan'uwa: ita comadre ce a wurina, ni compadre ne a wurinta, har ƙasa ta rufe mana ido.

Can saman tsauni aka haife ta, inda masara ba ta yarda ta tsiro, sai dankali mai ɗaci da ciyawar da lama, ƙananan raƙuman tsauni, ke ci. Kakarta ce ta raine ta, ita ta nuna mata ganye tun ba ta fi tunkiya tsawo ba: wanda ake tsinka kafin rana ta taɓa shi, wanda ake jira sai ya yi fure, mai kwantar da kumburin ciki, mai saukar da nono, wanda ake kirɓawa a ɗora karaya. Ba ta taɓa tsinkar ko reshe ɗaya ba sai ta haɗa ganyen koka uku, ta hura su wajen dutse, ta nemi izini. Tana da shekara goma sha tara ta sauko kwari ta auri Melitón Huanca, wanda ya fi kowa sanin hanyar ruwa a ƙauyenmu. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi, ranar da abin wasan wuta na biki ya fashe kusa da shi, na daman ma sai an matso. Shi ya sa duk hirar gidansu nake jin ta daga kan gadona. Sun haifi shida, huɗu suka rayu, duka huɗun kuma birni ya kwashe su.

Shekara shida da suka wuce aka gina masaukin baƙi a ƙasan ƙauye, a filin da muka sani da masara. Katangar dutse, tagogin gilashi masu kallon ƙanƙarar tsauni, tafkin ruwan zafi yana tururi ko da sanyin safiya. Masu zuwa daga nesa suke zuwa. Ba zazzaɓi suke kawowa ba, ba karaya ba, gajiya ce irin wadda mai ita ba ya iya nuna inda take yi masa ciwo. Aka ɗauki Toribia aiki. Kullum sai ta sa kayan da a da take ajiyewa don ranar bikin waliyyi, ta yi musu sirace, ta yi musu wankan furanni, ta tausa musu ƙafafu da man ganye.

Na taɓa zolayarta a kan haka. Na ce, “Comadre, kin zama hoton bango.”

Ta ce, “Marasa lafiya ne, compadre. Mutum ya ƙetare teku don a riƙe masa ƙafa, ai ka san gidansu ba mai riƙewa.”

Maganin gaske take ba su, ba ta taɓa rage musu komai ba.

Magudanar da ke shayar da gonakinmu ta cikin masaukin take ratsawa. Sau ɗaya a shekara, a watan Agusta, ake buɗe wa mazan ƙauye ƙofa su shiga su yashe ta. A wannan shekarar Melitón ne a gaba, kamar kullum. Rana tana tsaka, ya sunkuya yana zaro saiwa daga ƙarƙashin dutse kusa da tafkin baƙi, sai injin da ke dumama ruwan ya tashi a bayansa, bututun ya feso tururi. Bai ji tashin injin ba, da yake ta gefen hagunsa yake. Sai dai ya ji abu mai zafi ya hura masa a ƙeya. Ya faɗi da baya cikin ruwan magudanar mai sanyin ƙanƙara.

Aka ciro shi, aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya dawo gida da ƙafarsa.

Kwana uku bayan haka ya ture kwanon miya. Kwana biyar ya daina fita duba kaji. Yakan yi barci ya zabura, hannunsa yana laluben iska. Toribia ta ba shi duk abin da ta sani, sannan ta sa aka kai shi asibitin gari, don ita ba ta gaba da likita. Suka auna jini, suka saurari ƙirji, suka ce ba su ga komai ba, suka ba shi ƙwayoyin ƙarin ƙarfi. Ya sha. Ya ci gaba da ramewa kamar kyandir.

Rana ta takwas na shiga na same ta riƙe da wuyan hannunsa, ta rufe ido.

Ta ce da shi da ƙarfi, “Ka tsorata, tsoho.”

Ya ce, “Ni? Ni da na riƙe bijimi a ƙaho?”

“Ɗan maraƙi ne. Ina wurin.”

“Ya kusa zama bijimi.”

Yana faɗa ya juya ya fuskanci bango. A da sai su kai la'asar a kan wannan bijimin.

Ta biyo ni tsakar gida, ɓerayen masar suna gudu tsakanin ƙafafunmu. Ta ce, “Ba ya nan, compadre. Gangar jikin ce ta dawo. Kurwarsa tana can bakin ruwa inda ya faɗi, tana zaune, ba ta san hanyar gida ba. Idan ta daɗe, ƙasa za ta saba da ita, ta riƙe.”

Kowa a nan ya san abin da ake yi. Sai a ɗauki malafar mutum da rigar da ya faɗi da ita, a je daidai inda ya faɗi, daidai lokacin da ya faɗi, ranar Talata ko Juma'a, a kira shi da sunansa. Daga nan mai kira ya juyo, ya jawo shi har gida, ba magana, ba waiwaye. Ko gaisuwa ya amsa, kurwar ta sake firgita ta koma. Toribia ta yi wa yaran ƙauyen nan wannan kiran ya fi a ƙirga, a bakin rafi, a gindin itace, a ƙarƙashin gada. Ba ta taɓa yi a bayan katangar wani ba.

Ranar Laraba ta je wurin Roxana, shugabar masaukin, wata 'yar birnin Lima mai fara'a wadda ke kiranta mamita, wato inna, tana dafa mata kafaɗa. Roxana ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya ba shi lafiya, kuma da gaske take. Amma gobe Alhamis baƙi goma sha biyu za su shiga kwanakin shiru, har Lahadi. Abin da ya kawo su ke nan. Kowanne zai rataya ɗan allo a wuya, ba mai yi masa magana, ma'aikata ma takalmin roba suke sawa. Kuma lambun da suke zaman tsakar rana a ciki shi ne na bakin tafki.

Roxana ta ce, “Ki bari sai Talata, mamita. Ni da kaina zan raka ki.”

“Ba zai kai Talata ba, señorita.”

“To ki kira shi a hankali. A zuci. Ai addu'a ce, ko?”

Toribia ta ce, “Mutumin da ko yana cikin jikinsa sai na yi ihu yake ji?”

Roxana ta yi murmushi, ta ɗauka wasa ne. Ta ce, “Talata,” ta koma ga wayarta.

Ranar Alhamis na leƙa Melitón da hantsi. Ruwa kawai yake karɓa, shi ma a cokali. Ya dube ni ya kira ni da sunan wansa, wanda muka binne shekara ashirin da suka wuce. Toribia tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji. Da za ta fita sai ta juyo wurina. Ta ce, “Gobe ka jira ni a ƙofar masauki kafin rana ta tsaya. Za ka shiga gabana, ka kore mini karnuka da masu gaisuwa.”

Na ce, “Aikin fa?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta farashin iska.

Juma'a da safe ta sa kayan biki kamar kullum, ta naɗe malafar da rigar a cikin mayafin goyonta, ta rufe su da muña da furanni. Ta sa soyayyar masara a aljihu, wadda yake so, da 'yar ƙararrawar tunkiya. Ni kuma tun ƙarfe goma sha ɗaya na zauna a kan dutse a gefen ƙofar. Edilberto mai gadi ya dube ni sau biyu bai tambaya ba. Na zauna ina kallon inuwata tana janyewa tana shiga ƙarƙashin ƙafata. Daga cikin katangar ba a jin komai, ko kukan tsuntsu, kamar su ma an rataya musu allo. Na riƙa tunanin mutumin da muka bari shi kaɗai yana fuskantar bango, ko zai jira.

Sai muryarta ta tsallako katanga.

“Melitón! Melitón Huanca!”

Muryar da ta shekara hamsin tana kiran mai kunne ɗaya daga gona. Tantabaru suka tashi daga rufin. Edilberto ya cire hularsa.

“Taho gida, tsoho. Me kake yi a gidan mutane? Ko yarensu ba ka ji. Kajinka sun bi gari, wakenka ya bushe, ruwa yana zuba a gonar da ba taka ba. Ga malafarka. Ga masararka. Tashi mu tafi.”

Sau uku ta yi, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Daga nan sai ƙarar 'yar ƙararrawa.

Abin da ya faru a ciki daga baya na ji shi, rabi daga bakinta, rabi daga mata masu wanki. Baƙin suna zaune a kan tabarmi cikin fararen kaya, ido a rufe, ta ratsa ta tsakiyarsu ta durƙusa a bakin magudanar. Ta ajiye ganyen koka, ta zuba wa ƙasa giyar masara, ta share wurin da rigar, ta tsakuri ƙasa ta sa a cikin malafar. Da ta gama kira ta miƙe, ta riƙe malafar ƙasa ƙasa a damanta, tana jan rigar, ta kama hanya.

Roxana ta taho da sauri ta biyo bayanta. Ita ma ba ta da ikon ɗaga murya a wurin, don haka da raɗa take faɗa.

“Mamita, tsaya. Me muka yi da ke? Ba Talata muka ce ba? Dube ni. Toribia, dube ni.”

Toribia ba ta duba ba. Amma a inda hanyar ta tsuke tsakanin furanni, wata doguwar baƙuwa ta miƙe ta tare ta, hawaye yana zuba, ta buɗe hannuwa tana so ta rungume ta. Ba mugunta ba ce, wani abu ne kiran ya taɓa mata. Toribia ta tsaya cak. Ba ta iya cewa matsa, ba ta iya komawa baya. Ta ce mini a nan ne ta ji malafar ta fara sauƙi a hannunta, kamar wanda ke ciki yana shirin sauka. Sai ta kaɗa ƙararrawar, ta sunkuyar da kai, ta taka gaba kamar tunkiya mai bin turba. Baƙuwar ta ja gefe ta faɗa cikin furanni.

Sauran da idona na gani. Dokar masaukin ce a buɗe ƙunshin kowane ma'aikaci a ƙofa. Suka iso, Toribia a gaba, idonta a ƙasa, Roxana a baya fuskarta ta yi ja.

Roxana ta ce, “Edilberto, kada ka buɗe sai ta yi mini magana.”

Edilberto ya dubi malafar. Hannun da yake riƙe makulli da shi, Toribia ce ta ɗora shi shekara talatin da suka wuce. Ya ce, “Señorita, ƙofar nan tun safe take ba ni wahala, ta ƙi kulluwa.” Ya jingina da ita, ta buɗe.

Roxana ta ce wa Toribia, “Idan kika fita ba ki amsa mini ba, kada ki dawo.”

Na ga jijiyar wuyan comadre ta motsa. Tun da na san ta ba ta taɓa barin magana ta kwana a bakinta ba, ko ta limamin coci ce. Ta cije leɓe, ta ƙetare ƙofar.

Daga masaukin zuwa gida ba ta fi tafiyar rabin sa'a ba. Ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Na shiga gaba, sanda a hannu, ina ɗaga ɗayan. A ƙauyen nan ka wuce mutum ba gaisuwa ya fi ka mare shi, don haka duk wanda na hango sai na riga shi: “Tana ɗauke da mutum, kada ku gaishe ta.” Matan da ke zaune a gidan giyar masara suka haɗiye gaisuwarsu, ɗaya ta kama bakin karenta. Wata motar masu yawon buɗe ido ta taho tana hon, Toribia ta durƙusa ta rufe malafar da mayafi har ƙurar ta lafa. Ni ma ban waiwaya sosai ba, ƙararrawar nake saurare. In ta yi shiru, zuciyata ta tsaya tare da ita.

A gadar katako ta daɗe. Ruwan da ke gudu a ƙasa shi ne dai ruwan da ya faɗa a ciki, kuma da rana tsaka ƙararsa ta fi yawa. Na tsallaka na tsaya ina kallon dutse. Sai na ji wani ƙaramin sauti, ƙwas, ƙwas. Masarar take ajiyewa a kan katako, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, taki ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan ɗan tsako. A tsakiyar gadar ta yi tari sau ɗaya. Sannan ƙararrawar ta ci gaba.

Mun same shi yadda muka bar shi, yana numfashi. Ta sa masa rigar, ta ɗora masa malafar a ka yana kwance, ta jiƙa ƙasar a ruwan muña ta ɗura masa, ta hura masa tsakar kai sau uku. Sai a lokacin ta buɗe baki.

“Ka iso, tsoho. Zauna.”

Bai motsa ba. Bai buɗe ido ba.

Muka fito tsakar gida. Ta jawo kwandon wake tana ɓarewa, rabi yana zuba a ƙasa. Rana ta karkata, inuwar tsauni ta fara saukowa kan gonaki, ɗaya bayan ɗaya, tana matsowa wajenmu.

Ta ce, “Compadre, kai da ka yi karatu. A gada na yi tari. Tari magana ne?”

Na ce, “A'a.”

“Ka sani, ko dai kana faɗa ne?”

Ta tashi ta leƙa ɗakin, ta dawo. Ta sake tashi. A karo na huɗu ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana sauraro, sannan ta wuce murhu ta ɗora miyar busasshen dankali, don hannunta ya sami abin yi. Hayaƙi ya cika ɗakin girki. Inuwar ta iso katangarmu.

“Toribia.”

Muryar Melitón ce daga ɗaki, siririya, kamar daga cikin tulu. Ludayi ya tsaya a hannunta.

“Wa ya sa mini malafa a kan gado? Kasuwa za ni?”

Ta zuba miya a kwano, ta shiga, na bi ta. Ta ɗaga shi ta jingina da bango. Cokali na farko ya daɗe a bakinsa kafin ya haɗiye. Ya yamutsa fuska.

“Ba gishiri.”

Ta ce da ƙarfi, “Kwana goma sha ɗaya kana yawon gidan masu kuɗi, dole miyata ta yi maka lami.”

Ya sha cokali huɗu, ya kauda kai a na biyar. Washegari ya sha rabin kwano. Ranar Talatar da aka ce a jira, yana zaune a rana yana zagin kaji.

Bayan mako biyu Roxana ta hauro ƙauye da kanta, takalminta duk laka. Ta gaida Melitón, ta kawo masa lemo. Ta ce baƙin nan sun rubuta cewa a duk kwanakinsu ba abin da ya kai wannan kiran. Ta ce Toribia ta dawo aiki, kuma in ta yarda a riƙa yi duk Juma'a.

Toribia ta ce, “Wa ya ɓace?”

“Babu kowa, mamita. Don su ji ne kawai.”

“Idan na kira ba wanda ya ɓace, señorita, wani zai amsa. Ban san ko wane ne ba, kuma gidana zai biyo ni.”

Ta koma tana yi musu sirace da tausa kwana biyu a mako, amma ba ta ƙara taka lambun bakin tafki ba.

Melitón ya tashi, yana zuwa gona. Sai dai duk lokacin da injin wani ya tashi, ko daga nesa, sai ka ga ya dafe malafarsa da hannu biyu. Labarin bijimin ma ya daina kawowa. Toribia takan ajiye aiki ta bi shi da kallo idan ya juya baya, tana auna tafiyarsa. Ta taɓa ce mini ba ta tabbata duka ta kawo shi ba, wataƙila wani ɗan guntu ya zame a gada.

Agusta ta sake zagayowa. Tun shekaranjiya nake jin sa ta bayan katanga yana wasa fartanya a kan dutse, ita kuma tana ce masa akwai samari, ya bar musu yasar magudanar. Ya ce samari ba su san hanyar ruwa ba. Jiya na shiga na same ta zaune a bakin ƙofa, malafar a cinyarta, tana ɗinka mata igiyar haɓa da jan zare, ta ninka shi uku. Gobe za a buɗe wa mazan ƙauye ƙofar masaukin.